Salak ɗin Makaroni Mai Bama a Taron Lokacin Zafi: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai wa mutum har wuya, babu abin da baƙi ke fara miƙa wa hannu a wurin biki ko suna ko walima kamar abu mai sanyi. Shi ya sa salak ɗin makaroni ya samu gurbi a gefen shinkafa da kaza. Haɗa shi ba wuya, amma yana da sharuɗɗa, kuma mafi yawansu a kan sanyi suke da lokaci. Ga tambayoyin da matan gida da masu girkin biki suka fi yi.

Wane irin makaroni ya kamata in saya? Taliya doguwa za ta yi?

Ki nemi gajere mai rami ko mai murɗe: ɗan lanƙwasasshen nan da kowa ya sani, ko mai siffar katantanwa, ko murɗaɗɗe. Ramin da murɗin su ne ke riƙe haɗin bama, ta yadda kowane cokali zai zo da ɗanɗanonsa. Na kamfanonin gida irin su Golden Penny sun wadatar, ba sai kin nemi na ƙasar waje ba. Taliya doguwa kuwa cukurkuɗewa take yi idan ta huce, kayan lambun su zube ƙasan kwano, mai rabo ya yi ta fama da ludayi. Idan ita kaɗai gare ki, ki kakkarya ta ƙanana kafin ki zuba a tukunya.

Na dafa makaronin daidai, amma da ya shiga firij sai ya yi tauri. Me ya jawo?

Halin sitaci ne. Idan ya dahu yana shan ruwa ya buɗe, idan ya yi sanyi sai ya koma ya tsuke, kamar yadda tuwon da ya kwana yake daskarewa. Don haka dahuwar da ta dace da makaronin da za a ci da zafi ba ta isa ga wanda za a ci da sanyi ba. Ki duba mintocin da aka rubuta a jikin leda, ki ƙara minti ɗaya ko biyu.

Ga yadda za ki gwada ba tare da kin dogara da agogo ba. Ki tsamo ƙwaya ɗaya, ki jefa ta a kofin ruwan sanyi, ki ɗan jira, sannan ki tauna. Idan kika ji ɗan tauri a tsakiya, ko kika ga farin ɗigo a inda haƙori ya yanke, da saura. Idan ta yi laushi har ciki amma ramin bai rufe ba kuma ba ta tsage ba, sauke maza. Idan ta fara rabewa biyu da kanta, wuta ta wuce, kuma irin wannan yakan dagargaje wajen juyawa.

Kada ki yi rowar ruwa da gishiri. Leda ɗaya mai giram 500 tana son ruwa kamar lita 4 zuwa 5 da gishiri babban cokali biyu, kuma sai ruwan ya tafasa sosai za ki zuba. Wannan ne lokacin da gishiri ya fi shiga cikin makaronin kansa. Wanda kika barbaɗa daga baya a sama yake tsayawa.

An ce ba a wanke taliya bayan an dafa. Shin haka ne?

Haka ne ga wadda za a ci da miya mai zafi, domin sitacin da ke jikinta shi ke kama miyar. A nan kuwa ana wankewa. Ki juye a kwando, ki kwarara ruwan sanyi kina motsawa da hannu mai tsabta har ɗumin ya fita gaba ɗaya. Hakan yana tsayar da dahuwa, yana hana mannewa, kuma yana sauke zafin abincin da sauri, wanda shi ne mafi muhimmanci a wajena. Sharaɗi ɗaya: ruwan ya zama wanda za ki iya sha. Daga nan makaronin ba zai sake ganin wuta ba, duk abin da ke cikin ruwan nan cikin baƙinki zai tafi. Bayan haka ki bar shi ya tsane sosai, ki riƙa girgiza kwandon, saboda ruwa na ɓuya a cikin ramukan.

Mene ne ma'aunin haɗin na leda ɗaya?

Ga wanda nake ba kowa ya fara da shi, daga baya ki gyara yadda bakin gidanki yake so. Bama kofi ɗaya da rabi, yogot marar suga rabin kofi, khal (wato vinegar) ko ruwan lemun tsami babban cokali uku, suga babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, masoro kaɗan. Mai son mustad ta sa ƙaramin cokali biyu. Ki kaɗa su a kwano daban har su haɗe kafin su taɓa makaroni. Idan ya yi kauri da yawa ki sassauta da madarar gwangwani cokali biyu ko uku, ya zama yana zuba daga cokali a hankali.

Ki ɗanɗana shi a kan ƙwayar makaroni, ba a kan cokali kaɗai ba. Ya kamata ki ji tsami da gishirin sun ɗan fi yadda kike so, domin sanyi yana dushe ɗanɗano, makaroni kuma yana shanye wani. Ni ban yarda da zuba sinadarin dunƙule a nan ba, yana danne ɗanɗanon kayan lambu, sai salak ya koma ɗanɗanon miya. Suga kuma a yi hankali da shi. Akwai masu zubawa har salak ya zama kamar kayan zaƙi, ga kuma wake na gwangwani da masara da suka zo da nasu sugan.

Na haɗa da dare yana sheƙi, da safe na tarar ya bushe ƙayau. Ina bamar ta tafi?

Makaronin ne ya sha ruwan da ke cikinta, ya bar maiƙo a jiki. Ba ya daina shan ruwa don an sauke shi daga wuta. Maganin shi ne a zuba haɗin sau biyu. Da makaroni ya tsane, ki fara yayyafa masa khal cokali ɗaya ki juya, sai ki zuba kashi biyu cikin uku na haɗin, ki rufe, ki sa a firij aƙalla awa biyu. Ragowar kashi ɗayan ki ajiye shi a kwalba a firij. Sai an kusa rabo za ki zuba ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama. Zubin farko ɗanɗano yake shigarwa ciki, na biyu shi ne laushin da baƙo zai gani a faranti. Wadda ta zuba duka a lokaci guda za ta ƙare da ƙarin bama kwalba guda don ta ceto shi, sai ya yi nauyi a ciki.

Ni kuma akasin haka ne, ruwa ne ke kwanciya a ƙasan roba.

Wannan aikin kokwamba ne da tumatir. Gishirin da ke cikin haɗin yana jawo ruwan jikinsu. Ki tsaga kokwamba gida biyu a tsaye, ki sa ƙaramin cokali ki kwashe 'ya'yan da ruwan tsakiyar, ki yanka, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki bari a kwando minti goma sha biyar. Za ki ga ruwa na ɗiga. Ki goge da tsumma mai tsabta sannan ki zuba. Tumatir ki zaɓi mai tauri, ki cire 'ya'yan, kuma kada ya shiga sai lokacin rabo. Masara da wake na gwangwani a tsiyaye ruwansu tas. Latas ba ya shiga cikin haɗin sam, yaushi yake yi. Idan kina son sa, ki shimfiɗa shi a ƙasan tire.

Waɗanda ke jure kwana su ne karas, kabeji, koren tattasai da koren wake. Karas ki goga ko ki yanka ƙanana, koren wake ki ɗan tafasa minti biyu ki tsoma a ruwan sanyi don launinsa ya tsaya. Albasa kuwa ki yanka siriri ki jiƙa a ruwan sanyi minti goma, in ba haka ba zuwa safe warinta ya mamaye komai. Ki yi ƙoƙari yankan ya yi kusa da girman makaronin.

Wanne ya fi, bama ko kirim ɗin salak?

Ba abu ɗaya ba ne. Bama ta fi mai da kauri, kirim ɗin salak ya fi tsami da ruwa-ruwa da ɗan zaƙi. Daga Ingila ya fito, kamfanin Heinz ya fara sayar da shi can a 1914, kuma shi ne ɗanɗanon da yawancinmu muka saba da shi a salak ɗin biki mai kabeji da wake da ƙwai. Ga makaroni, kirim ɗin shi kaɗai yana saurin shanyewa. Na fi son kashi biyu bama, kashi ɗaya kirim, sai a rage khal da suga tunda ya zo da nasa.

Zan iya sa kindirmo maimakon yogot?

Za ki iya, kuma yana da daɗi, in dai kin san inda ya fito kuma kin tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Ki zuba shi a kyalle mai tsabta a kan kwando, a cikin firij, ya tsiyaye na awa ɗaya don ya yi kauri. Nonon da ya yini a ƙwarya ana yawo da shi cikin rana kada ki sa a abincin taro. Yogot mai suga da ƙamshin ayaba ko na sitiroberi shi ma ba na nan ba ne.

Wane nama ya dace a ciki?

Girke-girken Amurka da kike gani a intanet da yawansu naman alade suke sawa, sai ki musanya. Tsokar kaza da aka dafa da albasa da citta aka zazzare ta fi komai dacewa. Kifin gwangwani ma yana yi, tuna ko sadin, a tsiyaye man. Ƙwai a dafa shi minti goma zuwa sha biyu ya dahu har ƙwaiduwa, a yanka a jera a sama lokacin rabo, domin idan aka juya shi ciki marmashewa yake. Wani abu da nake so ƙwarai shi ne kilishi: a yayyanka shi siriri da almakashi a barbaɗa a sama daf da ci, yajinsa da ƙaurinsa suna karya maiƙon bama. Idan za ki sayi mustad na ƙasar waje ki karanta jikin kwalbar, domin wasu irin na Faransa ana sa musu giya.

Ki sani dai duk abin da kika ƙara na nama ko kifi ko ƙwai yana ƙara wa salak saurin lalacewa. Idan taron a waje ne kuma ba ki da tabbacin ƙanƙara, ki bar shi da kayan lambu kawai, a ba da naman daban.

Mutum hamsin zan ciyar. Leda nawa?

Makaroni yana ninka nauyinsa fiye da sau biyu idan ya dahu. Leda ɗaya da kayan lambunta tana isar mutum goma zuwa sha biyu idan gefen shinkafa za a sa. Mutum hamsin ke nan leda huɗu zuwa biyar. Kada ki dafa su a tukunya ɗaya sai in babba ce ta gaske, kuma kada ki tara su a bokiti guda mai zurfi. Tsakiyar bokiti tana daɗewa ba ta yi sanyi ba ko da a firij ne. Ki rarraba a robobi masu faɗi, zurfin abincin kada ya wuce tsawon ɗan yatsa.

Awa nawa zai iya zama a kan tebur?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya tsaya a kanta. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma sun fi sauri a wajen ɗumin jikin mutum, inda wasunsu ke ninka yawansu duk minti ashirin. Ƙa'idar da hukumomin kula da abinci na Amurka suke bayarwa ita ce awa biyu a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya tak. To a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 da rana. Ke nan a bazararmu awa ɗaya ce, ko a ƙarƙashin rumfa ne. Kuma lissafin yana farawa ne daga fitowarsa daga sanyi, har da zaman da ya yi a but ɗin mota da jiran isowar dangin ango.

Kowa ya san yadda taronmu yake. An ce ƙarfe biyu, ba a fara rabo ba sai bayan la'asar. Don haka kada salak ya fito tare da sauran abinci. Ya zauna a firij ko a kula mai ƙanƙara har sai an fara jera faranti. Ki samo babban baho ki zuba ƙanƙara da ɗan ruwa, ki nitsa kwanon silba a ciki har ƙanƙarar ta kai wuyansa, ki ɗebo salak kaɗan ki zuba, ki rufe. Silba ta fi roba ɗaukar sanyi. Idan ya ƙare ki kawo sabon kwano, kada ki juye sabo a kan ragowar tsoho. Sannan abin da na fi gani ana yi, wato a zuba salak a robar tafi-da-gidanka ɗaya da shinkafa mai turiri a rufe, a ɗaure a leda, wannan ɗumama salak ɗin ne kawai. A ba shi 'yar robarsa daban, a kuma gaya wa mai ɗauka ya ci da wuri.

Ashe ba bama ce ke ɓata wa mutane ciki ba?

Ana ɗora mata laifin da yawancinsa ba nata ba ne. Bamar kamfani da ƙwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake yin ta, kuma tana da tsamin khal da yawancin ƙwayoyin ba sa iya hayayyafa a cikinsa. Matsalar tana farawa ne idan ta haɗu da makaroni da ƙwai da kaza, waɗanda ba su da tsami, sai ƙarfin nata tsamin ya ragu, ga danshi, ga ɗumi.

Ƙwayoyi biyu ne suka fi shiga irin wannan abinci. Staphylococcus aureus tana zaune a fata da hancin mutane da yawa masu lafiya, kuma ta hannu take shiga, wajen ɓare ƙwai ko zazzare kaza ko juya salak da hannu. Bacillus cereus kuwa tana tare da busasshen makaroni da shinkafa tun daga leda, tafasa ba ta gamawa da ita, tana jiran abincin ya zauna da ɗumi ne ta farfaɗo. Dukansu suna sakin dafin da sake ɗumamawa ba ya karya shi, kuma ba lallai abincin ya canza wari ko ɗanɗano ba. Saboda haka shinshinawa ba gwaji ba ne. A wanke hannu da sabulu, a juya da ludayi, mai ciwo a yatsa ko mai mura ta koma wani aikin, kuma katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyar kaza kada su taɓa kabeji sai an wanke su da sabulu.

Bamar da na haɗa da kaina fa?

A gida, ke da iyalinki, a ci nan take, wannan zaɓinki ne. A taro ban ba da shawara ba. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella, kuma a cikin baƙinki akwai masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi, waɗanda ta fi yi wa illa.

Ruwan gishiri ya isa wanke kayan lambu?

Yana taimakawa wajen fitar da ƙasa da ƙananan ƙwari, amma ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta, khal ma haka. Abin da ya fi aiki shi ne ruwa mai tsabta mai yawa da cuɗawa da hannu. Ki cire ganyen kabeji na waje ki zubar, ki fere karas da kokwamba, ki wanke kafin yanka ba bayan yanka ba. Wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa, don haka da damina, ko lokacin da ake maganar ɓarkewar amai da gudawa, gara ki ɗan tafasa karas da kabejin minti ɗaya ki tsoma a ruwan sanyi.

Unguwarmu ba a cika samun wuta ba. In haƙura ke nan?

A'a, sai dai ki sauya tsari. Kada ki yi na kwana. Ki dafa da safiyar ranar, ki sanyaya da ruwa mai ƙanƙara, ki sa a robobi masu murfi, ki jera a kula, ƙanƙara a ƙasa da gefe da sama. Ƙanƙarar ta zauna a ledarta don ruwanta kada ya shiga abinci. Kwalbar bama kada a buɗe ta sai lokacin haɗawa. Kular salak ta zama daban da ta lemo, saboda ta lemo kowane yaro buɗe ta yake yi. Idan firij gare ki aka ɗauke wuta, yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu in ba a buɗe ƙofar ba. Bayan nan sai a koma ƙanƙara.

Daga ina wannan salak ya samo asali?

Mai bama irin wannan an fi saninsa da Amurka, inda ake cin sa a lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, musamman a gashin nama na ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kansu, da seleri da kokwambar da aka jiƙa a khal. A tsibiran Hawai suna dafa makaronin ya yi laushi sosai da gangan, su ci shi tare da farar shinkafa da nama a faranti ɗaya, wanda bai yi nisa da yadda muke yi ba. 'Yan Italiya kuwa nasu salak ɗin taliyar yawanci da man zaitun ne. Idan taronki zai daɗe a waje kina iya bin nasu, sai dai shi ma ƙa'idar awa ɗayan nan tana kansa, tunda makaronin dafaffe ne.

Mai ciwon suga ko hawan jini zai iya ci?

Kaɗan, kuma bisa shawarar likitansa. Makaroni sitaci ne, bama kuma babban cokali ɗaya yana da kalori kusan 90 zuwa 100. Ki ware masa nasa: kayan lambu su fi makaroni yawa, yogot ya fi bama, babu suga, babu wake na gwangwani, gishiri kaɗan.

Ragowa fa? Zan iya sa wa a firiza?

Wanda bai bar sanyi ba yana kwana uku zuwa huɗu a firij a rufe, in wutar ba ta yanke ba. Wanda ya zauna a tebur ya wuce lokacinsa, ko aka yi ta sa masa cokali, a zubar. Na san zubar da abinci yana da ciwo, ga tsadar kaya, amma kada a ba yara ko almajirai abin da ke kanki ba za ki ci ba. Fitar da shi kaɗan-kaɗan shi ke rage wannan asarar. Firiza kuwa ba ta yi masa: bama tana tsinkewa, mai ya rabu da ruwa, kokwamba ta zama laɓo-laɓo.

Idan wani ya fara amai bayan an ci, me za a yi?

Dafin ƙwayoyin nan biyu yakan nuna kansa da wuri, daga rabin awa zuwa 'yan awanni, da tashin zuciya da amai da murɗawar ciki, wani lokaci da gudawa. A dakatar da rabon salak ɗin nan take, a sanar da waɗanda suka tafi da shi gida. A riƙa ba marar lafiya ruwan gishiri da suga na ORS kaɗan-kaɗan. Idan ƙaramin yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu, ko aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke, a tafi asibiti ba tare da jira ba, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya abin da aka ci da lokacin da aka ci shi.